Yadda Dakta Ya Yi wa Karas Ƙarin Ruwa

Akwai wani bawan Allah da ake kira Dakta, ba don ya taɓa riƙe allura ba. Direban motar ɗaukar marasa lafiya ne a wani asibiti, shekararsa goma sha tara a kan sitiyari. To, an ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Duk abin da likitoci suka faɗa a bayan mota kunnensa na kama rabi, sauran rabin ya ciko daga kansa, ya kawo gida ya sauke wa mutane. In ka ce masa ina kwana, sai ya leƙa farin idonka kafin ya amsa.

Su uku ne wajen tsohuwarsu, Inna. Shi ne babba, sai ƙaninsa Mahauci, sai Auta mai shagon kitso. Tun rasuwar mahaifinsu Inna ta kafa doka, duk Asabar ɗin ƙarshen wata a haɗu a ci abincin yamma tare, da surukai da jikoki, wannan wata gidan wannan, wata mai zuwa gidan wancan. Shekara biyu ke nan aka cire gidan Dakta daga zagayen. Dalili kuwa, ya ji wani likita na cewa gishiri ke kawo hawan jini, ranar da abinci ya faɗo gidansa ya kwashe gishirin kicin kaf ya kulle a mota ya tafi da makulli. Inna ta kai loma ɗaya, ta ajiye cokali, ta ce a mai da ita gida. Daga ranar zagaye ya koma tsakanin gida biyu. Abin na cin Dakta a rai, a ce babban ɗa guda ba a hawa tabarmarsa. Matarsa ma na cinta, don duk wata sai matar Mahauci ta ce mata, "Ke dai kin huta da wanke-wanke."

Wata Asabar ana gidan Mahauci, an baje tire-tire, shinkafa ta ɓuya a ƙarƙashin kaji da naman rago. Dakta ya gyara murya, cinyar kaza a hannu.

"Inna, ni dangin nan tausayi suke ba ni. Dubi tiren nan. Nama a sama, nama a ƙasa, ko ɗigon kore babu. Mun yi bincike, duk gidan da ba a cin ganye jijiyoyinsu toshewa suke."

"Ku da wa kuka yi binciken, Yaya?" in ji Mahauci.

"Mu a asibiti."

"Au, na ɗauka kai da sitiyari."

Auta ta ce, "Yaya, cinyar da ke hannunka ta nawa ce?"

"Ta huɗu. Guba nake rage muku."

Mahauci ya goge hannu ya ce, "Tun zamanin Baba abincin haɗuwa nama ne. Ganye ai na ranar da aljihu ya yi sanyi ne. Wa ya taɓa tara dangi ya ce musu bismillah, ga ciyawa?"

"Jahilci ciwo ne," in ji Dakta. "Inna, a ba ni wata mai zuwa. Zan ciyar da ku kayan lambu zalla, ba na kasuwa da ake yi wa feshi ba, na lambuna. Kowa ya cire da hannunsa, daga ƙasa sai tukunya."

Inna ta dube shi ta saman tabarau. "Kana da lambu ne?"

"Zan yi."

"A wata ɗaya."

"Inna, ni da na kai mai naƙuda asibiti cikin minti shida, karas ne zai gagare ni?"

Tsohuwa ta gama tauna, sannan ta ce, "To, wata mai zuwa gidanka. In mun ci mun ƙoshi, gidanka ya dawo zagaye. In ka sake mai da ni gida da yunwa, kada ka ƙara tayar da maganar nan ina raye."

A hanyar komawa matarsa ta yi ta lallashi. "Baban yara, ka bar ni in dafa shinkafa da kaza kamar kowa, in yanka kabeji a gefe. Shi ke nan mun dawo, ba hayaniya."

"Matsalarki ke nan, tunanin kowa da kowa. Tarihi za a kafa, ke kina zancen gefe."

Gari na wayewa ya aro diga ya shiga filin da ke bayan gidansa, inda matar ke shanya. Ya kwance igiyar shanya, ya tsige sanduna, ya tofa yawu a tafi. Sara na farko lafiya, na biyu lafiya, na uku ya sami bututun ruwan layin gaba ɗaya. Ruwa ya yi tsiri ya wuce katanga, ya shige tagar maƙwabcinsa Tela da ke ɗinki a saman bene, ya jiƙe masa yadin mutane.

Tela ya leƙo yana matse hula. "Dakta, rijiya kake haƙa mana?"

"Ban ruwa ne na zamani. Ba za ka gane ba."

"Na gane mana, ga shi har cikin kunnena."

Kwana biyu layin ba ruwa. Mata na wucewa da bokitai zuwa layin gaba, kowace ta zo ƙofarsa sai ta rage tafiya ta ja tsaki. Dakta ya ce wa matarsa duk wanda ya kawo ci gaba haka ake yi masa da farko.

Da aka gyara bututu ya yi kunya shida, ya sayo irin karas da kabeji da tumatir da kokwamba a 'yan fakitoci masu hoto, da buhun taki guda. Mai takin ya ce cikin tafi ɗaya ya ishi kunya. Dakta ya yi murmushin manya. A asibiti in abu na gaggawa ne ai ninka magani ake. Ya juye buhun nan duka, har ƙasa ta yi fari kamar an barbaɗa mata gari.

Mako guda ya wuce, ko tsinke bai leƙo ba. Dakta ya tsuguna, ya dafa ƙasa da yatsu biyu yana kallon agogo, ya miƙe ya girgiza kai.

"Ruwan jikinsu ne ya ƙare."

Washegari ya dawo daga aiki da ledojin ƙarin ruwa da aka gama amfani da su har goma sha biyu. Ya cika su da ruwa da sukari, ya kafa sanduna, ya rataye kowace a kan sanda, ya soke bakin siririn tiyo a cikin kunya, ya daidaita ɗigon ɗis, ɗis, yadda ya ga nas-nas na yi. Duk wanda ya leƙo ta katanga sai ya rantse ɗakin kwanciyar marasa lafiya ne aka cire wa rufi.

Labari ya zaga layi. Matan da ke ja masa tsaki suka fara shigowa biyu-biyu da mayafansu, su tsaya bakin kunya su rage murya.

"Sannu Dakta. Ya masu jiki?"

"Suna samun sauƙi."

"Allah ya tashi kafaɗunsu."

Su juya, kafin su kai ƙofa ka ji dariya ta ƙwace. Tela kuwa kullum da safe sai ya turo kai ta taga. "Dakta, an sallami wani kuwa, ko duk suna kwance?"

"Ka ji da alluranka, in ji da nawa."

Sukarin ne ya kira tururuwa. Suka zo dangi-dangi, suka sha, suka ƙoshi, suka tono ɗan irin da taki bai ƙone ba suka ɗora a ka suka yi gaba. Da suka gama da lambu suka bi layi suka shiga kicin. Matar Dakta ta kwana uku tana kakkaɓe kwanuka tana magana ita kaɗai.

Duk wannan bai hana shi cika baki a waya ba. Ya ɗauki hoton karas ɗin jikin fakiti ya tura wa dangi, ya rubuta a ƙasa, kaɗan daga cikin ni'ima. Auta ta bugo.

"Yaya, masha Allah. Amma me ya sa karas ɗinka yake da rubutu da lamba a gindinsa?"

"Lambar gado ce. Kowanne da fayil ɗinsa."

A mako na uku wani ɗan kore ya ɓullo a kunya ta huɗu. Dakta ya tara maƙwabta, ya hana kowa matsowa kada a sa masa cuta. Wata tsohuwa ta duƙa ta duba ta ce wannan ai ciyawa ce, irinta ce fal bakin kwalbati. Ana cikin gardama kazar gidan gaba ta ratso ta tsakanin ƙafafu ta tsince shi ta wuce.

Ranar Juma'a, saura kwana ɗaya, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Da wani ne, da sai ya kira uwarsa ya ba ta haƙuri. Dakta ya ɗauki buhuna biyu ya nufi kasuwa mafi nisa, inda ba wanda ya san fuskarsa. Ya tsaya gaban mai kayan lambu ya nuna kabeji ashirin, kokwamba kwando guda, tumatir, da karas ɗauri-ɗauri. Sai ya lura karas ɗin duk an gundule musu kai.

"Malam, ina ganyen?"

"Mun yanke. Wa ke cin ganyen karas?"

"Ba ci zan yi ba."

"To me za ka yi da shi?"

"Kai dai ba ni alayyafo dami biyu." Ya biya ta wani shago ya ƙara da kwalin tsinken sakace.

Da ya dawo ya ɗaga kai sama. "Tela, ara mini koren zare da babbar allura."

"Wa za a yi wa ɗinki?"

"Sirrin aiki ne."

Tela ya jeho masa, ya ja kujera kusa da taga, ya ajiye ɗinkin ranar gaba ɗaya.

Dakta ya tsige sandunan ƙarin ruwa ya shiga aiki. Ya tona rami, ya cusa karas, ya soka masa tsinke a ka, ya tsira reshen alayyafo a kan tsinken, ya mai da ƙasa. Ya yi wa guda ashirin haka ɗaya bayan ɗaya, bayansa ya ce bai san zancen ba. Sauran ya binne su yadda suka zo daga kasuwa, ɗauri guda rami guda. Kabeji ya jera su a kan kunya kamar kawunan ɗalibai, ya ɗan tura musu ƙasa a gindi. Tumatir ya bi su da allura, ya ɗinke a jikin shingen fulawar da ke bin katanga. Kokwamba ne ya tsayar da shi tunani, don bai taɓa ganin yadda yake fitowa ba. Ya juya shi, ya auna da karas, ya ga tsawonsu ɗaya, ya yanke hukunci ɗan ƙasa ne shi ma. Ya kakkafa su a tsaye, rabi a ciki rabi a waje. Ya kawo bokiti ya sheƙa wa kowa ruwa.

Matarsa ta dawo daga unguwa ta tsaya bakin ƙofar baya, jaka a hannu.

"Baban yara, ka ji tsoron Allah."

"Ke dai gobe ki dafa farar shinkafa, ki ɗora ruwan zafi. Kada in ga nama ko yanka ɗaya a gidan nan."

"Ni ba ni ciki. In an tambaye ni, barci nake."

Asabar da la'asar dangi suka iso, mota biyu da babur. Dakta ya tare su cikin farar rigar da ya aro a wurin aiki, hannunta bai kai masa wuyan hannu ba. Ya riga ya gayyaci rabin layi su zo su ga yadda masu ilimi ke cin abinci, saboda haka katanga ta cika da kawuna, Tela na sama a tagarsa da kofin shayi. Rana ta yini tana dukan alayyafon nan, duk ya langaɓe ya kwanta.

"Barcin rana suke," in ji Dakta kafin a tambaya. Ya yi jawabi a kan jini da jijiya da hanji, ya ce yau dangin nan za su fita daga duhu. Sannan ya ce, "Inna, ke ce babba. Buɗe mana da hannunki mai albarka."

Abin da Dakta ya manta shi ne, Inna 'yar manomi ce. Ta yi ban ruwa a lambun ubanta tun ba ta iya ɗaura zane ba. Ta miƙa wa Auta sandarta, ta duƙa a hankali, ta kama ganye ta ja. Ganye ya taho salin-alin, da tsinke a gindinsa. Ta ɗaga shi sama tana juyawa.

"Wannan fa?"

"Sabon iri ne, Inna. Da abin sakacensa yake fitowa, saboda in an gama ci."

Mahauci ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Inna ta jefar da ganyen. Ta sa yatsa ta tono karas ɗin, ga shi nan sumul, kai a yanke da wuƙa. Ta matsa gaba ta tona wani ramin, ta ja, guda shida suka fito tare, an ɗaure musu ƙugu da jar roba.

"Waɗannan kuma?"

"'Yan gida ɗaya ne. Ba sa son rabuwa."

"Robar fa?"

"Jijiya ce."

Wata mata a kan katanga ta ce, "Allah mai iko, an sallame su har da ɗamara."

Mahauci ya matso zai duba da kyau, ƙafarsa ta ɗan taɓa kabeji. Kabeji ya sauka daga kunya ya kama gangara, ya ratsa tsakar gida, ya bi ta ƙofa ya fice titi. Jikoki suka rufa masa baya da gudu.

"Yaya, majinyacinka ya tsere daga gado," in ji Mahauci. "A tayar da mota?"

"Nuna ce ta yi masa yawa. In kabeji ya ƙosa da kansa yake sauka."

Auta ta ce bari ita ta tsinki tumatir, shi dai ga shi a jikin reshe. Ta kama ɗaya ta ja. Na kusa da shi ya biyo, na gaba ya biyo, shinge ya yi ta girgiza, sai ga ta riƙe da tumatir talatin a zare ɗaya, ta rasa inda za ta ajiye.

Tela ya kurɓi shayi ya ce daga sama, "A ja a hankali, zarena ne. Dakta, da ka kawo na yi maka a keke, ai da bai warware ba. Ɗinkin hannu sai gwani."

Katanga ta ɗauka gaba ɗaya. Har matar Mahauci sai da ta zauna a kan bokiti tana share hawaye. Inna ta taka zuwa layin kokwamba, ta tsaya tana kallon su a tsaitsaye kamar masu jiran mota. Ta zare ɗaya ta kaɗe.

"Ɗan nan, kokwamba yaɗo yake yi. Ko akuya ta san wannan."

Dakta ya gyara wuyan farar riga ya ce, "To, alhamdu lillahi, kun ci jarrabawa. Da ma gwada ku nake, in ga ko dangin nan sun san kayan lambu."

"Mun sani," in ji Inna. "Ina abincin?"

A kicin ba komai sai farar shinkafa da tukunyar ruwan zafi na tafasa. Rana ta yi ƙasa, jikoki sun fara kama zanen iyayensu. Matar Dakta na tsaye a bakin ƙofa ta sunkuyar da kai, tana murza gefen mayafi. Inna ta dube ta, ta dubi sandarta a hannun Auta, kowa ya san in ta karɓi sandar nan sai mota.

Matar ta ɗago. "Inna, a ba ni rabin awa."

Ba ta jira amsa ba ta ɗauki kwando ta shiga kunya tana tuge kayan nan. Auta ta bi ta. Mahauci ya ce shi wuƙa ba ta san bambancin rago da kabeji ba, ya zaro tasa daga ƙugu ya hau yanka, kafin ka ce me ya tara tudu. Aka wanke, aka sake wankewa, aka soya albasa da tumatir, aka zuba karas da kabeji da alayyafo, ƙamshi ya tashi har kawunan kan katanga suka daina dariya suka koma haɗiyar yawu. Dakta ya yunƙura zai shiga kicin ya ba da shawara a kan yawan mai, matarsa ta tura ƙofa da ƙafa.

Aka shimfiɗa tabarmi aka ci. Jefi-jefi wani ya tauna yashi ya ɗan tsaya ya ci gaba. Mahauci, mai cewa ciyawa, sai da ya ƙara sau biyu, yana ci yana cewa shi don kada a yi asara ne. Inna ta cinye nata tas ta sha ruwa. Ganin haka ran Dakta ya dawo jikinsa, ya miƙe ƙafa ya dubi jama'a.

"Kun gani ko? Abin da nake faɗa ke nan tun shekarun baya. Inna, an dai ƙoshi."

"An ƙoshi," in ji Inna. "Daga yau duk haɗuwa a sa ganye a gefen nama, na ji daɗinsa. Zagaye kuma ya dawo gidan nan."

Dakta ya fara miƙewa zai yi jawabin godiya.

"Zauna, ban gama ba. Matar gidan nan ce ta ciyar da mu, ita na mayar wa. Kai kuwa, duk ranar da abinci ya faɗo gidan nan, tun da safe ka taho wajena ka zauna. Sai an aiko an ce an zuba, mu taho tare."

"Haba Inna, a gidana? To wa zai riƙa duba lafiyar abincin?"

Inna ta karɓi sandarta ta dogara ta miƙe.

"Su su duba abinci. Ni in duba ka."